Rasuwar Jummai, Motar Manzo na Gangara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har babu wurin zuba wani, Manzo Ɗan Azumi na Gangara, manomin gero kuma tsohon mai raƙuma, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Damargu, tun daga Tanut har kwarin Tarka, rasuwar motarsa Jummai. Ta cika ne da hantsin ranar Talata, bayan ruwan farko na daminar bana, shekarar da Nasara suke ƙirga 1927. Ta rasu a ƙofar gidansa, a gaban jama'a, ba ta ci haƙƙin kowa ba, jikinta kuma da sanyi kamar yadda ya yi mata alkawari.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya, ba wanda ya san iyayenta. An dai ce a ƙasar Nasara aka haife ta, ta sha jirgin ruwa, ta sha jirgin ƙasa har Kano, daga can wani Balarabe ɗan kasuwa ya kawo ta Damagaram. Shi ne ya sa wa ransa sai ya kai ta Agadas da ƙafafunta, tafiyar da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya yarda. Ta shigo Gangara wata Juma'a bayan kaka, shi ya sa aka raɗa mata Jummai. Shigowar ba ta girma ba ce. Hayaƙi a gaba, ƙarti uku a baya suna turi, ita kuwa tana cewa "tuf… tuf… tuf," har ta iso ƙofar gidan Manzo ta yi shiru. Man da take sha ya ƙare, haƙurin Balarabe ma ya ƙare, ya sauko yana zagaya ta yana zaginta da harshensu.

Masu cewa Manzo ya ba da raƙumansa kaf ya karɓi mota don neman suna, Allah ya yafe musu, ba su san gidan ba. Mahaifiyarsa, Inna Asibi, tana da ƙanwa guda mai suna Binta, wadda mijinta ya tafi da ita Tarka tun shekarar babbar yunwa. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Tun da Inna ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya goce, ba ta iya zama a bayan jaki, raƙumi kuwa taku kaɗan zai yi sai a sauko da ita a sume. Saƙo kawai ke tsakaninsu, daddawa ta tafi, cuku ya dawo. Duk shekara in an gama kai amfani rumbu sai ta dube shi ta ce, "Ɗan Azumi, ashe sai a lahira zan ga Binta?" Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya fita, abin yana cinsa.

To ranar nan sai ga abin da ke ɗaukar mutum a zaune ya zo ya tsaya masa a ƙofar gida. Balarabe na neman abin da zai kai shi Agadas, Manzo na neman abin da zai kai uwarsa Tarka, ciniki bai ɗauki lokaci ba. Ya shiga ya riƙo hannun tsohuwa ya fito da ita.

"Inna, kin ga wannan? Ita za ta kai ki wajen Binta, kina zaune kamar a ɗakinki."

Inna ta leƙa ciki, ta leƙa ƙasa, ta shafa mata goshi. "To, Allah ya nuna mana," in ji ta. Kafin la'asar ta riga ta sami mai zuwa Tarka, ta aika wa Binta cewa ta share ƙofar gida, ɗanta zai kawo ta da mota.

Sai dai mota ba ta tafiya sai da mai, kuma sai da wanda ya san kanta. Direban Balarabe, wani zanƙalelen mutum da ake kira Gajere, ya ce dole ya raka maigidansa arewa, amma zai biyo ta Damagaram ya zo da mai idan ruwan farko ya sauka, lokacin da yashi ke kwantawa hanya ta taku. Da zai hau raƙumi ya bar wasiyya.

"Maigida, wannan da ka gani ba ta tsoron ɓarawo, ba ta tsoron kura. Rana take tsoro. Rana ce ke fasa mata taya, ta tsage mata rufi, ta ƙone mata fenti. Ka nema mata inuwa, kada ka bari ta yi zafi. Sauran nawa ne."

Da Gajere ya san irin mutumin da yake gaya wa, da ya rage maganar. Manzo mutum ne da in ka ce masa ya riƙe maka akuya, za ka dawo bayan shekara ka tarar da igiyar a hannunsa.

Mutanen Gangara sun shaidi marigayiya da halaye na gari, kuma ba don ta mutu ake faɗa ba. Ba ta taɓa shiga gonar kowa ba. Ba ta cizo, ba ta shuri, ba ta yawo, inda aka ajiye ta da safe nan za a same ta da yamma. A duk zamanta a garin ko kaza ba ta take ba, shaidar da ba kowace mota ce za a yi wa ita ba. Tana da idanu biyu na gilashi waɗanda matan unguwa suka mayar madubin sa kwalli, ba ta taɓa kau da kai ba. Ba ta magana sai an taɓa ta. Tana da wani ƙahon roba a gefe, in an matsa sai ta ce "fom, fom," jakunan gari su amsa gaba ɗaya, ita kuma ta yi shiru ta bar musu.

Da rani ya fara zafi, Manzo ya tara jama'a aka tura ta gindin babban gawon bayan gari, don shi kaɗai ke da ganye a wannan lokaci. Abin da ya manta shi ne gawon na da masu shi tun kafin a ƙera mota. 'Ya'yan gawo suka riƙa faɗowa kan rufinta, awaki kuma suka gane cewa an kawo musu matakala. Wata safiya ya zo duba ta ya tarar da bunsurun liman tsaye a bisa rufin, yana tauna yana kallon gari. Tsuntsaye ma daga sama sun yi nasu aikin, baƙar mota ta zama dabbare-dabbare. Ya wanke ta da hannunsa, aka turo ta gida.

Sai ya kafa mata rumfa. Ya saro dirkoki masu kauri, ya sa zana sabuwa, ya jera kara a sama har hawa biyu, rumfar da ko ɗakinsa bai samu irinta ba. Matarsa Rabi ta tsaya da muciya a hannu tana kallo.

"Malam, ni kuwa madafata shekara nawa ba rufi?"

"Ke kin saba da rana," in ji shi. "Ita baƙuwa ce."

Rumfar ta yi kyau, ta kuma yi ƙamshin ciyawa, a lokacin da babu ko tsinke a daji. Ranar wata Juma'a maza na masallaci ayarin Abzinawa ya ratso gari da raƙuma masu yunwa. Kafin a sallame sun cinye zana, sun cinye kara, sun lashe igiya. Manzo ya dawo ya tarar da dirkoki huɗu tsirara, Jummai a tsakiya rana na dukanta. Masu ayari sun ba da haƙuri sosai, raƙuman dai ba su nuna nadama ba.

Daga nan ya yi tunanin cewa abin da ke tsare kan mutum zai tsare kan mota. Ya sa matan unguwa suka saƙa mata malafa da kaba, malafar da ba a taɓa ganin irinta a Damargu ba, sai da maza suka taru kafin a ɗora mata. Ta yi kwarjini ƙwarai, baƙi masu wucewa har sallama suke yi mata. Ana cikin haka guguwa ta taso da tsakar rana, ta shiga ƙarƙashin malafar ta ɗaga ta sama, aka bi ta da ido tana juyi har ta ɓace ta arewa. Daga baya labari ya zo cewa wani mutum kusa da Tanut ya wayi gari da ita a gonarsa, ya yi godiya ga Allah ya rufe rumbunsa.

Sannan bazara ta sauka da gaske, irin wadda ƙadangare ke gudu a kan ƙasa yana ɗaga ƙafa. Kullum da azahar Manzo kan ɗora wa Jummai tafin hannu a goshi, yadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi, ya janye da sauri yana yarfewa. Ƙarfen jikinta ya riƙa cewa "tas… tas…" shi kaɗai, kowace ƙara kuma a ƙirjin Manzo take sauka. Ya kwance rawaninsa ya jiƙa ya shimfiɗa mata a hanci, ya zauna da kai a buɗe yana yi mata fifita da mafici, har ƙeyarsa ta saɓule. Mutane na wucewa suna gaishe shi da jinya. Wasu na dariya in sun ba da baya, ya sani, bai damu ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. In rana ta kashe motar nan ba shi da raƙumi, ba shi da wata dabara, kuma ya riga ya faɗa wa uwarsa magana.

Wata rana ya shiga ɗakin Inna a galabaice, ta miƙo masa ruwa a moɗa. Ya kurɓa ya ji sanyi har haƙori. Ya juya ya dubi randar. Tana nan a kusurwa inda take tun yana yaro, an binne ta cikin yashi har ƙugu, yashin a jiƙe, faifai a bakinta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ajiye moɗa ya fita neman masu haƙa.

Aka haƙa rami daidai tsawon Jummai, aka gangara da ita a hankali, aka mayar da yashi har ya rufe mata ƙafafu. Aka kewaye ta da zana ta kowane gefe, aka yi rufi ƙasa-ƙasa aka yaɓe shi da laka don kada raƙumi ya sake sha'awa. Sai ban ruwa, safe da yamma, tulu bayan tulu, ana kwarara wa yashin har ya yi baƙi. Wanda ya san rijiyar Gangara da bazara ya san abin da ake nufi, rijiyar da in ka saki guga sai ka gaisa da na kusa da kai ka tambayi iyalinsa kafin ka ji ya taɓa ruwa. Bijiminsa da ke jan guga ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Rabi ta ce wuyanta ya shige cikin kafaɗa. Wanka a gidan ya zama sai ranar Juma'a. Inna da kanta ta riƙa rage ruwan randarta tana cewa, "A kai wa yarinyar, ita ke da tafiya a gaba."

A nan dole a faɗi gaskiya, dabarar ta ci. Ba a taɓa sanyaya mota a ƙasar Damargu yadda Manzo ya sanyaya Jummai ba, da wuya kuma a sake. In ka ɗaga zana ka shiga sai ka ji kamar ka sauka rijiya. Liman Attahir, wanda ya zo duba ta sau ɗaya don zumunci, ya mayar da ƙailularsa can gaba ɗaya. Dattawa suka bi shi. Mata suka riƙa ajiye nono da fura a ƙarƙashinta don kada su yi tsami. Kajin unguwa suka tare a wurin, suka yi ƙiba suna sheƙi a lokacin da kowace dabba ke ramewa, ba kuwa wanda ya tsaya ya tambayi abin da suke ci. Manzo kan ɗora mata hannu da azahar ya ji sanyi, ya yi murmushi, ya je ya gaya wa Inna cewa yarinya lafiya lau.

Ciwon ajalinta ya fara ne da wata 'yar ƙara. In wuri ya yi tsit sai a ji daga cikinta, can ƙasa, "ƙis-ƙis-ƙis-ƙis." Manzo ya kara kunne ya saurara, ya ce minshari take yi, jin daɗi ne ya ratsa ta. Rabi ta sauke tulu, ita ma ta kara kunne, ta ɗago tana yamutsa fuska.

"Malam, ni fa na san wannan ƙara. Irinta na ji a rumbun babana kafin ya zauna."

"Rumbun babanki na kara ne. Wannan ƙarfe ce tun daga hanci har wutsiya. Me gara za ta ci a jikin ƙarfe?"

Dattawan da ke kishingiɗe suka ce gaskiya ne. Aka kira Ila maƙeri, ya ƙwanƙwasa hancinta, ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin ƙarfe mai kyan wannan ba. Magana ta ƙare, aka ci gaba da ban ruwa. Abin da ba wanda ya sani a Gangara shi ne, Nasara mutane ne masu rufa-rufa. Sandunan da ke cikin ƙafafun mota na itace ne, daɓen cikinta itace ne, ƙashin da ke riƙe da jikinta ma itace ne, sai su bi duka da baƙin fenti su bar ka da zato. Garar Damargu kuwa, wadda ta saba da busasshen kara, ta samu itacen ƙasar waje, a inuwa, cikin laima, ana kuma kawo mata ruwa har gida safe da yamma. Ta kira danginta na nesa da na kusa.

Ruwan farko ya sauka ranar Litinin. Washegari da sassafe sai ga Gajere, mutum mai cika alkawari, da garwanin mai a kan jakuna. Ya dubi ƙofar gida, ya dubi ginin laka, ya ce, "Maigida, ina motar?"

"Tana ciki tana hutawa."

Aka yaye zana, aka kwashe yashi, aka jawo ta waje a hankali. Gajere ya zagaya ta yana jinjina kai. Fenti ko tsaga babu, taya kamar jiya aka sa, rufi lafiya. Ya ce ko motar kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ba ta samu wannan gata ba. Manzo ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun ranar da aka haifa masa ɗan fari. Gari ya taru. Inna Asibi ta fito cikin baƙin zanenta na ado, ta sha lalle hannu da ƙafa, ƙunshin daddawa da kuka a hammata, tana dogara kafaɗar ɗanta.

Gajere ya ɗura mai, ya zuba ruwa a bakin da ke saman hancinta, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaba ya murɗa. Ta ce "tuf." Ya sake murɗawa. Ta ce "tuf… tuf…" sannan ta kama gaba ɗaya, "tukutukutukutuku," jikinta duka yana rawa kamar a ƙuruciyarta. Mata suka rangaɗa guɗa. Cikin guɗar ne aka ga wani abu na zubowa daga ƙarƙashinta, lallausa, kamar gari daga rariya. Inna na isowa kusa, ƙafafun gaba suka lanƙwashe, Jummai ta kai hanci ƙasa. Ta ɗan jima a haka, sannan na baya suka bi.

"Yarinyar nan da ladabi take," in ji Inna. "Kun ga ta durƙusa in hau."

Gajere ya kama ƙofa zai buɗe mata, ƙofar ta biyo hannunsa. Daɓen ciki ya rufta. Marigayiya ta ce "tuk… tuk…" ta ja wani dogon numfashi, "fsssss," shi ke nan. Kaji suka ruga a guje suka shige ƙarƙashinta. Gajere ya sunkuya ya ɗauki sanda ɗaya ta cikin ƙafarta, ya matsa da yatsu biyu, ta murƙushe, ashe fenti ne kawai a tsaye. Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Maigida," in ji shi a hankali, "inuwa na ce."

Manzo ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya yi kuka a gaban mata da yara, kuma duk wanda ke wurin ya san ba raƙuma yake yi wa kuka ba. Inna kuwa ta lallaɓa ta zauna a kan kujerar baya, wadda ta zame ta faɗo waje lafiya ƙalau don fata ce da waya, ta ɗora ƙunshinta a cinya ta gyara zane. Ko ba ta gane ba ne, ko ta gane ta ƙi nunawa, Allah ya sani. Ta ce, "Ɗan Azumi, yaushe za mu tashi?"

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta Manzo, da Inna Asibi, da Rabi, wadda ta ɗauki rashin da dauriya mai ban mamaki, har an ji ta tana 'yar waƙa a hanyar rijiya. Ta bar bijimi guda mai jan guga, wanda tun ranar yake kwance yana tuƙa ba mai tashinsa. Ta bar Liman Attahir da dattawa ba wurin ƙailula. Ta bar idanu biyu, da ƙaho, da tayoyi huɗu da rana ba ta samu fasawa ba, da kujerar baya. Ta bar kaji marayu masu ƙiba. Ta bar Ila maƙeri, wanda tun da aka yi rashin bai bar wurin ba, yana share hawaye da hannu ɗaya yana auna ta da kamu da ɗayan. Ta kuma bar gara da ba a san adadinta ba, wadda har yanzu ko ɗaya ba ta zo gaisuwa ba.

Da yammacin ranar rasuwar wani mai tallan kanwa ya iso daga Tarka da saƙo. Ya ce idanun Binta sun tafi gaba ɗaya tun tsakiyar rani, jikinta ya yi rauni, kunu ma sai an matsa mata. Ya ce tun da aka fara ganin hadari ta sa aka fitar mata da tabarma ƙofar gida, can take yini, ta juya kunne wajen hanyar Gangara.

Manzo ya share fuska ya bi gari gida-gida yana neman waɗanda za su taya shi ɗaukar Inna a kan gado zuwa Tarka. Kowa ya tausaya masa, kowa kuma da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu. Ruwan farko ya sauka, laima ba ta jiran kowa, wanda ya bar shuka yanzu ya san abin da zai gaya wa iyalinsa da kaka. Bai ga laifinsu ba, shi ma gonarsa na can. Ya ƙarasa wajen liman ya zauna ya zayyana masa komai.

Liman Attahir ya saurare shi har ya gama. "Manzo, ƙarfe ba a yi masa salla, kada ma ka tambaye ni," in ji shi. Ya ja carbi, sannan ya ci gaba. "Amma ni tun da nake garin nan ban taɓa ganin an ce ga rakiyar mamaci wani ya ce yana shuka ba. Kuma duk wanda ya yi barci a inuwar yarinyar nan, ko ya ajiye furarsa a ƙarƙashinta, ai da kunya a ce bai raka ta ba. Ni na yi barcin, ba zan musa ba."

Dalilin wannan sanarwa ke nan, ba a kuma ɓoye wa kowa ba. Ga yadda aka tsara.

Ba za a yi wanka ba, marigayiya ta sha ruwan da ya ishe ta. Abin da ke jikinta na itace an riga an binne shi a inda aka sani. Gangar jikinta ta ƙarfe za a miƙa wa Ila, wanda ya yarda da ƙyar bayan an roƙe shi sau ɗaya, zai kuma fitar wa kowane gida da ya zo rakiya da bakin hauya a matsayin rabon gado. Kujerar baya ita ce za a kai makwancinta a Tarka, garin da marigayiya ta yi niyya Allah bai nufa ba. Za a ɗaure ta a kan sanduna biyu na aduwa, a kafa mata 'yar rumfar zana a sama, don abin da aka hana shan rana da rai ba za a fara shanya shi yanzu ba. Inna Asibi ta yarda za ta zauna a kai har can, don kada iska ta ɗauke.

Za a tashi ranar Alhamis bayan sallar asuba daga ƙofar gidan Manzo, a bi hanyar yamma. Kowa ya zo da salkarsa da guzurinsa. Za a riƙa canjin kafaɗa yadda aka saba yi da makara, wanda ya gaji ya matsa wani ya shiga, sai dai sandar gaba ta hannun dama, Manzo ya ce tasa ce, yana roƙon kada kowa ya nemi karɓarsa. Gonarsa ya ce in an dawo aka tarar da sauran laima zai shuka. Masu gaisuwa daga nesa ba sai sun zo Gangara ba, su tari jama'a a hanya su sa kafaɗa, Allah ya ba da lada, ya ba mu haƙurin rashi.

Akwai roƙo ɗaya daga Inna Asibi, ta ce a rubuta shi yadda ta faɗa. "Na riga na aika wa Binta ɗana zai kawo ni da mota. Ba zan je in ce mata gara ta cinye ba. Ido ne ba ta da shi, kunnenta ras yake."

Saboda haka idan an hango rumbunan farko na Tarka, ba kuka, ba salati da ƙarfi, ba hira. Gajere zai wuce gaba ya ɗaga hannu, jama'a su ɗauka gaba ɗaya, "tukutukutukutuku," masu babbar murya a baya, masu ƙarama a gaba, Inna na matsa ƙaho daga sama. Za a sake gwaji yau Laraba bayan la'asar a ƙofar gidan Manzo, ana son kowa ya halarta, don jiya da dare da aka gwada abin ya fi kama da kwaɗi. Liman ya ce ranar maƙogwaronsa zai yi ciwo, ba zai taya ba, ba kuma zai iya amsa tambayar kowa ba.

Idan an sauke kujerar a ƙofar gidan Binta, a rage murya a hankali har a yi shiru. Sannan kowa ya ja da baya, a bar su su gaisa.